Tarkwa Bay, Badagry, Epe ko Lekki: ina za ka kai baƙon da ke son hawa ruwa da ganin namun daji?

Ƙanena da ke Funtuwa ya turo mini wani bidiyo a WhatsApp. Wasu Turawa ne a ƙaramin jirgin ruwa, sun sauka a wani tsibiri, tsuntsaye sun rufe dutse fari fat, su kuma suna hawan tudu da jakunkuna a baya. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, in na zo bayan Sallah irin nan za ka kai ni, ai ku a bakin teku kuke." Ni kaɗai na yi ta dariya a shago. Na daɗe a Agege, kuma na san yawancinmu da ke nan Ikko, wato Legas, tekun ma daga kan gada muke hango shi, a cikin danfo, muna sauri.

Abin da na fara faɗa masa shi ne ya cire dutse daga ransa. Tsibiran Ikko ba tuddai ba ne. Rairayi ne da fadama da itacen kwakwa, shimfiɗe tsakanin tafki da teku. Wanda ya taso yana hawan Dala ko Kufena, a nan ba zai sami tudun da zai hau ba sai gada. Na biyu kuma, abubuwa ukun da yake nema, wato hawa jirgi, doguwar tafiyar ƙasa da ganin namun daji, babu wuri guda da ya haɗa su cif. Kowane wuri ya ba ka biyu ne ya hana ka ɗaya. Zaɓin ke nan: wanne ka yarda ka rasa?

Tarkwa Bay ita ce mafi kusa, kuma ita kowa ke fara ambata. Mota ba ta zuwa, sai jirgi. Ana hawa daga wajen CMS a Marina, ko tashar Five Cowries da ke Falomo, ko wasu tasoshin Victoria Island, tafiyar kamar minti 15 zuwa 20 a jirgi mai inji. A wajena wannan ɗan lokacin ya fi bakin ruwan kansa daɗi, domin ta mashigar tashar jiragen ruwa ake bi. Kana zaune a ɗan jirginku sai ka ga wani katafaren jirgin kwantena ya nufi Apapa, tsayinsa kamar bene mai hawa da yawa, ku kuma kamar ƙwaryar da aka saka a kogi. In ya wuce, igiyar ruwan da ya bari takan ɗaga ku ta dire. A nan ake gane ɗan Arewa: kowa ya kama salati.

Abin da ya sa ruwan Tarkwa Bay ke da ɗan sauƙi shi ne katangun duwatsun da Turawan mulkin mallaka suka fara jerawa cikin teku tun 1908 don kare mashigar tashar. Su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso, shi ya sa samarin wurin ke koyon wasan nan na tsayawa a kan allo bisa ruwa. Mai son tafiyar ƙasa zai iya zagayawa ɗaya ɓangaren, inda tsohuwar hasumiyar fitila ta zamanin Turawa take, wadda ke nuna wa jirage hanya da dare. Daga nan rairayi ne miƙe yamma iyakar ganinka, da gawarwakin tsofaffin jirage da ruwa ya turo suka yi tsatsa. Tafiya a busasshen rairayi ba wasa ba ce, rabin sa'a sai ka ji kamar ka yini kana huɗa. Ka bi inda ruwa ya jiƙa, ya fi tauri. Amma kada ka kuskura ka shiga ruwan wannan ɓangaren, don ba katangar da ke kare shi, kuma yana janye mutum ta ƙasa.

Namun daji fa? A nan ne Tarkwa Bay ta gaza. Za ka ga shirwa tana shawagi, hankaki, zalɓe nan da can, da ƙananan ƙaguwa masu gudu a karkace su faɗa rami. Kunkurun teku kan fito gaɓar Legas su yi ƙwai, amma da dare suke fitowa, kai kuma lokacin ka daɗe da komawa gida. Sannan akwai maganar da ya kamata a faɗa wa mai zuwa da iyali: Asabar da Lahadi wurin na 'yan shaƙatawa ne, da kiɗa da giya da shigar wanka. Na taɓa kai wani kawuna ranar Lahadi, bai yi minti 20 ba ya ce, "Kai yaro, tashi mu tafi, wannan ba wurinmu ba ne." Ranar Talata da safe kuwa kamar wani wuri daban, shiru sai ƙarar ruwa. Za ka kuma lura da kufai a bayan bukkokin haya. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna wurin, hukuma ta ce saboda fasa bututun man da ke bi ta yankin daga ma'ajiyar Atlas Cove. Dubban mutane ne suka rasa matsuguni.

Badagry ita ce kishiyarta ta kusan kowace fuska. Hanyar mota doguwa, hawan jirgi gajere, tafiyar ƙasa kuwa mai nauyi a zuciya. Daga Mile 2 za ka kama babban titin Badagry, ka wuce Alaba Rago inda 'yan uwanmu masu raguna suka daɗe suna kasuwa, ka wuce Okokomaiko da Agbara. Tun 2009 ake faɗaɗa wannan titi, kuma da ka fara kusantar iyakar Seme shingayen jami'an tsaro sai su yawaita, don haka ka riƙe katin shaidarka. Wanda bai bar gida bayan sallar asuba ba, ya shirya cin rabin yininsa a gosulo.

Daga bakin ruwan garin ake tsallakawa zuwa tsibirin Gberefu, 'yan mintuna kaɗan a kwalekwale mai inji. Da ka sauka sai ka kama wata hanyar rairayi da ta ratsa tsibirin har bakin teku, tafiyar kusan rabin sa'a ga mai tafiya a hankali. Ita ce hanyar da ake kora bayi a kai su jirgi, wurin da ake kira inda ba a dawowa. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da masu yi wa baƙi jagora ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Na leƙa. Rijiya ce kamar kowace, da ɗan ruwa a ƙasa da ganyaye a kai, amma ban ga wanda ya yi marmarin ɗiba ba.

Dalilin da ya sa nake ganin Bahaushe ya fi kowa cancantar taka wannan hanya shi ne ba tarihin wasu ba ne. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, an kwaso Hausawa da yawa an gangaro da su kudu, aka sayar da su a tasoshin wannan gaɓa, su Ikko da Badagry da Porto-Novo, aka tsallaka da su Bahia a Brazil. A can Hausawa ne suka shirya tawayen 1807, kuma suna cikin boren bayi Musulmi na 1835. A cikin garin kuma akwai gidan Seriki Williams Abass, wanda shi kansa bawa ne kafin ya zama babban mai fataucin bayi, ya rasu a 1919. Ɗakunan da ake tara mutane a gidan suna nan, matsattsu, da ɗan taga a sama. Akwai sarƙoƙi a gidan tarihin iyalin Mobee waɗanda ake barin baƙo ya ɗaga ya ji nauyinsu. Akwai benen 1845 na 'yan mishan, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. A kan wannan dai ɗan Kano ko Katsina yana da ta cewa, tunda soron ƙasa mai hawa ba baƙo ba ne a biranenmu, amma ba a jayayya da mai gari a garinsa. Wani abin da masu jagora ba su cika faɗa ba: daga Badagry ne Baturen nan Clapperton ya tashi a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma can ya mutu a 1827. Hanyar da ta haɗa wannan gaɓa da ƙasar Hausa ta girmi titin mota nesa ba kusa ba.

Ta fuskar halittu Gberefu ta ɗara Tarkwa Bay, ko da yake ba da yawa ba. Tsuntsaye ne dai: balbela, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa, shirwa, da wani ɗan tsuntsu mai baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike, sai ya faɗo ruwa kamar an jefa dutse ya fito da kifi. Na tsaya kallonsa har abokan tafiyata suka yi nisa. Ayu ma yana rayuwa a ruwan wannan yanki, shi wannan ayun da masu magani ke tallar mansa a kasuwannin Arewa. Amma dabba ce mai ɓuya, kuma farauta ta rage shi ƙwarai. Duk mai jirgin da ya ce ka ƙara kuɗi ya kai ka ka ga ayu, kuɗinka kawai yake so.

Inuwa ta yi ƙaranci a wannan hanya, kuma rairayin yana ɗaukar zafi da hantsi. Takalmi mai rufi ya fi silifa. Ka tafi da ruwan sha, sauran kuma ruwan kwakwa zai cike, don Badagry gidan kwakwa ce, a gabanka za a sare maka ɗanya. Bakin tekun can ba kowa sai masunta da jiragensu na katako. Nan muka yi alwala da ruwan teku muka yi azahar a kan rairayi. Wani daga cikinmu ya tsaya tantama saboda gishiri, sai aka tuna masa hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal.

Epe kuma ta masu son jirgin kansa ce. Tana can gabas a bakin tafki, kuma titin Lekki zuwa Epe yanzu cike yake da manyan motocin matatar Dangote da na sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki, don haka nan ma sammako ne. Abin da ake zuwa gani shi ne kurmin cikin ruwa, itatuwa masu saiwoyi a waje kamar an kafa su a kan ƙafafu, da ƙananan hanyoyin ruwa da kwalekwale ke kutsawa ana tuƙa shi da hannu. Ruwan baƙi ne wuluk, a kwance, kana ganin hoton itatuwa a ciki. Tunda babu ƙarar inji tsuntsaye ba sa gudu, kuma mai sa'a zai iya ganin guza a kan reshe ko biri ya gilma. Sai dai babu wurin taka ƙasa, laka ce ko'ina. Za ka yi sa'a guda ko fiye a zaune a kan katako, ga sauro, ga ƙafa ta yi tsami. Mai ciwon baya ya yi tunani.

Abin da ya tsaya mini a rai a Epe ba a kurmin na gan shi ba, a kasuwar kifi ta Oluwo ne. Mata ne ke riƙe da kasuwar, ga tarwaɗa mai rai a manyan robobi, ga manyan kifayen da sai mutum biyu sun ɗaga. A gefe kuma sai ka ga ɗan kada an ɗaure masa baki, kunkuru, guza, gada. An sha kama masu sayar da ɗan kunya a yankin, dabbar nan mai ɓawo da ke naɗewa in an taɓa ta, wadda doka ta hana fataucinta. Namun dajin da ka biya kuɗin jirgi kana leƙe ba ka gani ba, ga su nan a ɗaure a gaban mai talla. Ka sayi kifinka ka wuce. Wajen salla da abinci kuwa Epe ba ta da matsala, gari ne mai Musulmi da yawa, can ne ma Sarkin Ikko Kosoko ya koma da jama'arsa bayan Ingilishi sun yi wa Ikko ruwan wuta a 1851.

Saura na huɗu, wanda ba tsibiri ba ne kuma babu jirgi a cikinsa, amma rashin ambatonsa zalunci ne ga mai karatu. Gandun dajin Lekki, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990, hekta 78 ne na kurmi da fadama da aka killace a gefen babban titi, gidaje sun zagaye shi ta ko'ina. A duk wuraren nan huɗu, nan kaɗai zan iya yi wa baƙo alkawarin zai ga dabba. Birai ne za su tare ka tun daga ƙofa, masu farin ciki da doguwar wutsiya, kuma ba su da kunya ko kaɗan. A gabana ɗaya ya diro ya fizge ledar cincin daga hannun 'yata, ya koma kan reshe ya yage ta da haƙori yana kallonmu. Ta yi kuka, bayan minti biyu kuma ta ce a sayo wani a ba shi. Akwai ɗawisu da ke yawo a fili, da wani tsohon kunkuru babba, da tafkunan kifi. Kada da mazo da gada suna ciki, amma sai mai rabo da ya zo da wuri kafin hayaniya.

Tafiyar a kan gadar katako ake yi, cikin inuwa, ta saman fadama. Sai kuma gadar sama mai lilo, tsawonta mita 401, inda ta fi tsayi ta kai mita 22 da rabi, an buɗe ta a 2015. Faɗinta na mutum ɗaya ne, raga a dama raga a hagu, kuma duk takun na gabanka sai ka ji shi a cikinka. In ka hau ba juyawa, sai ka kai ƙarshe. Na ga ƙato mai gemu ya durƙusa a tsakiya yana "Innalillahi", matarsa a baya tana cewa, "Alhaji, ka miƙe mana, mutane na jira." Ba a barin ƙananan yara su hau, kuma ana rufe ta in ana ruwa.

To, ga yadda nake auna su. In da yara ko dattijo a tafiyar, Lekki kawai, ba sai an yi dogon tunani ba: ba hawa ruwa, ba zafin rana, ga dabba tabbas, kuma a rabin yini an gama. Kuɗin shiga da na gadar sama daban-daban ne. In baƙon kwana biyu kawai zai yi kuma burinsa ya koma gida ya ce ya hau teku, Tarkwa Bay a ranar aiki, a je da safe a dawo kafin la'asar. Daga Agege ma yanzu jirgin ƙasa na kai mutum Oyingbo, daga nan CMS ba nisa. In mai haƙuri ne, mai son shiru da kallon tsuntsu, wanda zama ba ya gundurarsa, Epe. Amma ga saurayi mai ƙafa wanda ke son ya haɗa jirgi da tafiya da abin da zai riƙa tunawa, Badagry nake zaɓa, duk da wahalar titinta. Dabbobin da ya rasa a can sai ya rama su a Lekki washegari.

Lokacin zuwa ma yana canza lissafin. Daga Afrilu zuwa Yuli damina ce mai ƙarfi, Yuni ya fi kowane wata ruwa, teku kan yi fushi, kuma hadari na iya tasowa kuna tsakiyar ruwa. A Agusta akan ɗan sarara, ruwa ya dawo a Satumba da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da ya fi. Sai dai a ƙarshen damina zuwa farkon rani wata ciyawa mai kama da kainuwa kan rufe hanyoyin ruwa ta naɗe farfelar inji. Ta shigo ruwan Najeriya ne ta Badagry a 1984, kuma har yau ana fama da ita. Wannan ya fi shafar Epe da Badagry fiye da Tarkwa Bay, don ba ta jure ruwan gishiri.

Maganar rigar ruwa kuwa ba ta cikin zaɓi. Hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwan jihar ta wajabta ta, ta kuma hana tafiyar dare. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kududdufi ya koya, ga babbar riga da ke jan mutum ƙasa in ta jiƙe. A daren jajiberin babbar Sallah ta 2022 wani jirgi ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan lokacin da aka ƙayyade, ya kife, sama da mutum 15 suka rasu, yawancinsu 'yan gida ɗaya da za su je Sallah. Ni kaina wani mai jirgi ya taɓa miƙo mini riga mai tsinkakken maɗauri, da na yi magana ya ce ai tafiyar ba nisa. Na sauka na jira na gaba. Ka ja igiyoyin da hannunka, ka ƙirga mutanen da ke ciki, ka kuma daidaita kuɗin zuwa da dawowa da lokacin da zai ɗauke ku tun kafin ka saka ƙafa. Kada ka biya na dawowa gaba ɗaya sai kun dawo.

Duk wannan na karanta wa ƙanena a waya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, wai ita gadar nan mai lilo, dole ne sai an hau?" Na ce ba dole. Ya ce to a sa masa Badagry ranar Talata, Lekki ranar Laraba, kuma in tanadar masa rigar ruwa mai kyau tun daga gida, don Inna ta ce in ba haka ba ba ta yarda ya zo ba.